Zamana a Gidan 'Yan Mormon na Sedgefield

Karatun aikin jinya ne ya kawo ni Greensboro, wani gari a Amurka. Na sauka wajen ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune da mijinta a wani gidan haya kan titin Wendover, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Ban gama sabawa da garin ba mijin nata ya samu aiki a wata jiha, suka fara ɗaure kaya. Goggo ta yi ta ba ni haƙuri, amma ba yadda za ta yi. Ga karatu ya yi nisa, ga shi ban san kowa ba sai Alhaji, abokin mahaifina tun na ƙuruciya, wanda ya daɗe a garin yana sayar da motoci na hannu. Shi kuwa gidansa cike yake da yara, ko wurin shimfiɗa tabarma babu.

A ajinmu akwai wata baturiya doguwa mai saurin dariya, wadda malamarmu ta haɗa mu aiki tare. Ita ta fara lura da halin da nake ciki. Muna koyon auna hawan jini, na ɗaura mata abin awon a damtse na yi ta matsawa, hankalina yana wani wuri, sai da ta ce, "Ke, ina son hannun nan nawa fa. Me ke damunki?"

Na gaya mata. Washegari ta same ni a tashar bas ta cikin gari, ta ce, "Mahaifiyata ta ce ki zo ki ga ɗaki. Na ƙanena ne. Ya tafi Ghana wa'azi, sai bayan shekara biyu zai dawo."

Kalmar wa'azin nan ta tsaya min a rai. Ta bayyana min cewa su 'yan Mormon ne, wani ɓangare na Kiristoci da samarinsu ke barin gida su tafi ƙasashe suna kiran mutane zuwa addininsu. Ban taɓa jin sunan ba sai a bakinta. Da na faɗa wa mahaifina a waya, sai ya ce, "Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Alhaji ya je ya gani da idonsa."

Ranar Asabar Alhaji ya saka babbar riga da hula, ya ɗauke ni muka nufi Sedgefield. Unguwa ce mai itatuwa da shiru, gidajenta sun zagaye wani filin wasan golf. Gidan da muka je na jan bulo ne, ba wani babba ba, da kekuna a zube a bakin gareji. Maigidan ya fito yana karkaɗe ciyawa daga wandonsa, gajeren mutum mai sanyin murya, injiniya ne a wani kamfani. Matarsa ta biyo shi, hannunta da garin fulawa, ta riƙe hannuna da hannu biyu kamar mun saba.

Alhaji bai yi wani kwana-kwana ba. Yana zama ya fara tambaya. Ana shan giya a gidan nan? Suka ce ba a sha. Taba fa? Ita ma haka. Kare? Sai dai kyanwa. Da ya zo kan naman alade, matar gidan ta ce, "Muna ci. Amma mun yi shawara da yara, in ta zo ba zai ƙara shiga tukunyarmu ba." Ta kawo mana ruwan lemon tsami mai sanyi tana ba da haƙuri, wai ba su da shayi ko kofi, addininsu ya hana. Alhaji ya juyo ya dube ni, ya ce da Hausa, "Ikon Allah. Waɗannan ai sun fi mu ustazanci."

Abin da ya gama da shi kuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne. Maigidan ya kunna fitila muka sauka, sai ga bokitan alkama da shinkafa da wake a jere, ga kwalaben tumatir da na 'ya'yan itace da matar ta dafa ta rufe da hannunta, tun daga ƙasa har rufi. Ya ce an koya musu su riƙa ajiye abinci saboda ranar wuya, tasu ko ta maƙwabci. Alhaji ya tsaya yana shafa gemu. "Rumbu ne wannan," in ji shi. "Rabona da ganin rumbu tun gidan kakana." Muna shiga mota ya kira mahaifina, ya ce, "Ka bar ta ta zauna. Mutanen kirki ne."

Haka na tare. Ɗakin yana nan da kayan mai shi, ƙwallon kwando a saman kabad, takalman gudu a ƙarƙashin gado. Ranar farko matar gidan ta tambaye ni ina ne alƙibla. Da na nuna mata, ta ga kantar littattafai ta tare wurin, ta kira mijinta suka ja ta gefe. A kan teburin karatu kuma na tarar da ƙaramar butar lantarki da kwalin ganyen shayi. Na ce ai na ji ba a sha a gidan. Ta ce, "Dokarmu ce, ba taki ba." Sun so in riƙa kiransu da sunayensu, yadda ake yi a nan, bakina ya ƙi. Na ce musu Mama da Baba, suka yi dariya, daga baya suka saba, har ƙawayen Mama na coci in sun kira waya sai su ce min, "Mamanki tana nan?"

Ban da ƙawar tawa da ɗan da ya tafi, akwai ƙanne mata biyu, ɗaya a sakandare, sai auta 'yar firamare. Gida ne da ke tashi da wuri. 'Yar sakandaren tana da darasin addini kullum kafin a shiga makaranta, Baba ke kai ta. Sai mu haɗu a kicin da asuba, ni da ruwan alwala a fuska, ita da littafinta a hammata tana hamma. Ba ma yin wata magana, sai dai ta tura min kwanon burodi, ni kuma in miƙa mata madara. Ban taɓa jin ni kaɗai ce na tashi don Allah a gidan nan ba, kuma wannan ya sauƙaƙa min abubuwa da yawa.

Ba a kai loma baki sai an yi addu'a. Kowa ya naɗe hannu ya sunkuyar da kai, wanda Baba ya zaɓa ya yi. Ni sai in yi bismillata a zuci in jira. Addu'ar auta ce ta fi tsawo, don sai ta sa kyanwa, da malamarta, da yayanta na Ghana, da "iyayen Yaya da ke Kano," wato iyayena, abinci yana hucewa yayyenta suna zungurinta a ƙarƙashin tebur.

Yammacin Litinin na iyali ne, ba mai fita, ba mai amsa waya. Mama ta zauna gaban fiyano a yi waƙa, wani ya ba da ɗan gajeren darasi, a yi wasa, a rufe da kayan zaƙi. Aikin yana zagayawa, har ya zo kaina. Na rasa me zan koyar, sai na koya musu gaisuwar Hausa. Na tsayar da Baba da Mama a tsakiyar falo: ina wuni, ina gajiya, yaya gida, yaya yara, yaya aiki, ina labari. Baba ya tsaya yana haki, ya ce, "To yaushe ake faɗin abin da ya kawo mutum?" Na ce sai an gama. Ya ce lallai mutanenku suna da lokacin juna. Daga ranar, in ya dawo daga aiki sai ya tsaya a ƙofar kicin ya ce "Ina gajiya," ko da shi ne ya kwaso gajiyar.

Lahadi kuwa ba a sayen ko allura. Tun Asabar ake cika mota da mai, a goge fararen riguna. Su tafi coci su daɗe, ni in samu gidan shiru in yi karatu. Lahadin farko ta kowane wata azumi suke yi, su tsallake abinci biyu, abin da za su ci su bayar don mabukata. Saboda haka da watan Ramadan ya kama ban sha wahalar bayani ba. Mama ta matsar da abincin dare zuwa faɗuwar rana, ba tare da na roƙa ba, ta je kantin Larabawa ta sayo dabino. Ranar Sallah ita ta kai ni filin idi, ta zauna a mota tana saƙa har aka idar, matar Alhaji ta fito ta ja ta zuwa gidansu. A can ta ci tuwon shinkafa da miyar taushe da hannu, tana hawayen yaji tana neman ƙari.

Ba zan ce ba a taɓa taɓo maganar addini ba. Samarinsu masu wa'azi a Greensboro sukan zo cin abinci, biyu-biyu, da fararen riguna da nakatai. Wata rana ɗaya daga cikinsu, sabon zuwa, ya juyo gare ni ya fara, da ladabinsa. Baba ya ajiye cokali ya ce, "'Yarmu ce, tana da addininta. In tana da tambaya ta san inda muke." Yaron ya yi ja har kunne, ya ba ni haƙuri. Bayan sun tafi, muna wanke kwanuka, Mama ta ce, "Ba zan ɓoye miki ba, da za ki shigo cikinmu da na yi farin ciki. Abin da na fi so a duniya ne, dole in so miki shi." Na ce, "Mama, mahaifiyata ma kullum addu'ar da take yi miki ke nan, Allah ya sa ki musulunta." Ta tsaya da soso a hannu, sai ta fashe da dariya har ta jingina da firji. Ta ce, "To ki ce mata na gode." Ba mu sake maganar ba.

Bikin godiya da suke yi a ƙarshen kaka shi ya fara nuna min yawan mutanensu. An haɗa tebura tun daga falo har ƙofar kicin, an aro kujeru daga coci. Ban da dangi, Mama ta gayyato duk wanda ta ji ba shi da wurin zuwa: wani tsoho da matarsa ta rasu, ɗalibai biyu 'yan Koriya, wata mata da 'ya'yanta da suka sauka garin kwanan nan. Talotalon ma sai da Baba ya bi Alhaji wajen mahaucin Musulmi suka sayo, don in ci. Kafin a fara, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Tsohon nan da aka zo kansa ya kasa magana, Baba ya dafa kafaɗarsa, aka jira shi, ba wanda ya yi gaggawa.

Da Kirsimeti kuma, duk da bishiyar da aka ƙawata da kyaututtukan da ke ƙarƙashinta, abu ɗaya ake jira. A wancan lokacin masu wa'azinsu ba sa kiran gida sai a manyan ranaku irin wannan. Tun safe Mama ta kasa zama, ta gyara kujerun gaban kwamfuta ta sake gyarawa. Da fuskarsa ta fito, siriri, rana ta gasa shi, gaba ɗaya suka yi magana lokaci guda. Na tashi zan ba su wuri, Mama ta riƙo rigata. Ta ce masa, "Ga wadda ke kwana a ɗakinka." Ya ɗaga min hannu ya ce yana Kumasi yanzu, kuma ya ga mutanenmu a wata unguwa da ake kira Zango, masu dogayen riguna. Ya roƙe ni kada in bari auta ta taɓa ƙwallonsa.

Da aka yi hutun bazara suka ce in shirya, za a je jihar Idaho, gonar mahaifiyar Baba, inda zuri'arta ke taruwa. A mota za a je. Na duba taswira na ga nisan, na ɗauka wasa suke. Baba ya ɗaure akwatuna a saman doguwar motarsu, Mama ta cika akwatin ƙanƙara da burodi da cuku da tuffa, aka yi addu'a a bakin gareji, muka kama hanya. Muka hau duwatsun yammacin jiha da hazonsu, muka gangara, muka shiga ƙasar masara wadda ba ta da iyaka, sai ka yini kana tafiya ba ka ga tudu ba. A motar ana waƙa, ana faɗa kan wa zai zauna kusa da taga, ana shiryawa. Baba ya haddace lokutan sallata fiye da yadda na zata. Sai in ji ya kunna sigina ya ratse wurin hutawa, ya ce, "Azahar ta yi, ko?" In shimfiɗa dardumata a kan ciyawa bayan mota, su kuma su zauna a inuwa suna cin tuffa. Da Lahadi ta riske mu a wani ƙaramin gari, muka tsaya cak. Suka nemi cocinsu suka shiga cikin mutanen da ba su taɓa gani ba, suka fito da gayyatar cin abinci har gida biyu.

Kaka tsohuwa ce ƙarama mai farin gashi da kaifin ido, tana tafiya da sanda amma ita ke ba da umarni. Jikoki da tattaɓa-kunne sun cika gonar, an kafa tantuna a bayan rumfar shanu, kowane reshe na zuri'ar da launin rigarsa. Ni ma an ɗinka min tawa, mai dogon hannu, launin gidan Baba. Kaka ta san sunan kowa, da na iyayen kakanninta, da garin da kowannensu ya taso. Ta zaunar da ni kusa da ita ta ce in lissafo mata nawa. Na kai kakan kakana na tsaya. Ta ce, "Ki tambayi mahaifinki tun yana da rai. Ki tambaye shi da kyau."

Ana cikin wannan taro, da hantsi, ana wasan jan igiya, wayar Baba ta yi ƙara. Na ga ya matsa gefe, ya toshe kunne ɗaya. Da ya dawo ya je wajen Mama kai tsaye ya riƙe hannunta. Shugaban masu wa'azin ne ya kira daga Ghana. Ɗansu yana asibiti a Kumasi, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi da ƙarfi. Likitoci suna kula da shi, maganin ya fara aiki, amma ya ƙi cin komai, duk abin da aka ba shi sai ya dawo da shi.

Mama ta zauna a kan matakalar baranda. Matar da ban taɓa ganin hannayenta ba aiki ba, ga shi ta ajiye su a cinya. Kaka ta buga sandarta a ƙasa, aka daina wasa, manya da yara suka durƙusa a kan ciyawa, babban wan Baba ya yi addu'a. Aka yanke cewa gobe kowa zai yi azumi saboda yaron.

Na zauna kusa da Mama. Ta ce, "Kin taɓa yin zazzaɓin nan?" Na ce tun ina yarinya nake yi, kusan kowace damina, ga ni kuma. Ta ce, "Da kika ƙi cin abinci, me aka ba ki?" Na ce kunu, mai tsami, da ɗumi. Ta ce, "Wa zai dama masa kunu a can?" Ta faɗa ne kawai, ba don tana jiran amsa ba.

Na zagaya bayan rumfar shanu na kira mahaifiyata a Kano. Ina gama bayani ta ce, "Kumasi? Ai 'yar Goggo Babba tana Zango, Hajiya mai goro. Wane asibiti ne?" Na ce, "Umma, Kirista ne fa, wa'azi ma ya kai shi." Ta ce, "Ina ruwana? Uwarsa ba ita ke ba ki abinci ba? Ba ni sunan asibitin."

Na dawo na faɗa wa Baba. Ya kira shugaban ya nemi izini a bar wata baƙuwa ta ga yaron. Washegari muka yi azumi gaba ɗaya, su nasu, ni nawa. Gonar ta yi tsit, yara ma suna tafiya a hankali. Da rana ta karkata, a Ghana kuwa dare ya riga ya yi, shugaban ya sake kira, Baba ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Mutumin yana magana yana danne dariya. Ya ce wata mata mai jiki ta zo da babban mayafi, da 'yarta ɗauke da kwanuka a ka. Masu gadi sun tare ta, ta ce musu ɗanta ne ke kwance a ciki. Suka ce mara lafiyan bature ne, ta ce ta sani. Ta shiga ta tayar da shi zaune, ta tallafe kansa, ta riƙa ba shi kunu da ludayi tana yi masa faɗa da yaren da ba ya ji. Ya sha, ya zauna a cikinsa. Da yamma ta dawo da farfesun kaza, ya ci har ya tsotse ƙashi.

Mama ta rufe fuska da hannu biyu ta yi kuka, irin kukan da ke zuwa bayan an sauke kaya. Kaka ta miƙo sandarta ta taɓa ƙafata da ita, ta ce, "Ki rubuta min sunan matar nan da na mahaifiyarki. Zan sa su a addu'a." A ranar aka sha ruwa da gasasshiyar masara da dankalin gonar, da gari ya waye kuma Mama ta sa na kira Kano. Ba ta jin Hausa, Umma ba ta jin Turanci, amma ta karɓi wayar ta ce, "Ina wuni, ina gajiya, yaya yara," ta ƙare da "Na gode, na gode," ina jiyo muryar Umma tana cewa, "Ba komai, ai ɗa na kowa ne."

Hajiya mai goro ba ta tsaya nan ba. Har aka sallame shi tana aika abinci, bayan ya warke kuma ya zama ɗan gida. Shi da abokin wa'azinsa sukan biya ta Zango su ci waina. Ta gindaya musu sharaɗi ɗaya, su bar littafinsu a jaka, suka kuma kiyaye.

Ya dawo a bazarar da ta biyo baya. Muka je filin jirgi da manyan kwalaye da aka rubuta barka da zuwa, 'yan cocinsu sun cika wurin, har Alhaji ya rufe wajen sana'arsa ya zo. Da ya fito, da kwat ɗin da ta yi masa yawa da takalmin da ya cinye, Mama ta manta da kowa ta ruga. Sai da aka gama rungume-rungume ya iso gabana, ya ɗan rusuna, ya ce da Hausar Zango, "Yaya, sannu da gida." Ya buɗe jakarsa ya fito da turmin atamfa, saƙon Hajiya zuwa ga Mama.

Na riga na kwashe kayana kafin ya iso, duk da sun ce in koma ɗakin ƙawata mu zauna tare. Lokacin na kusa gama karatu, na samu aiki a wani asibiti, kuma wata Hajiya 'yar Nijar tana neman wadda za su raba gida. Ranar da zan tafi Baba ya loda kayana a motarsa ya kai ni, ya duba makullan ƙofa da tagogi ɗaya bayan ɗaya, ya gyara famfon kicin da ke ɗiga, sannan ya tafi.

Da na tashi aure, Mama ta ɗinka atamfar nan, matar Alhaji ta ɗaura mata ɗankwali, ta zauna a sahun iyaye. Ranar sunan ɗana na fari ita ta fara isowa, ta karɓe jaririn ta ce in je in kwanta. 'Ya'yana Kaka suke ce mata, da Turanci suke mata surutu kamar yadda suke min, ita ce ma ke ce musu su amsa wa uwarsu da Hausa.

Bana Baba ya yi ritaya. Na ɗauka za su huta, sai suka kira ni suka ce sun ba da gidan haya, cocinsu zai tura su wata ƙasa a nahiyar Kudancin Amurka, su yi aikin taimako a wani wurin koyar da sana'a. Baba har ya fara koyon Sifaniyanci, yana yi da irin lafazin da yake yin Hausa. 'Ya'yansu duk sun watsu a jihohi, don haka ni na kai su filin jirgi. A hanya Mama tana ta lissafa min abin da zan yi wa ƙaramar 'yata in haƙoranta sun fara fitowa, kamar ba nas ba ce ni. Na sauke musu akwatuna, Baba ya tsaya yana laluben fasfo a aljihun da ba nan ya sa shi ba, Mama ta ciro shi daga jakarta ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba. Ta rungume ni ta ce in gaishe da Umma. Na tsaya ina kallonsu har suka shige layin bincike, shi yana jan akwati, ita tana riƙe da hannun rigarsa, sannan na koma mota don ina da aikin rana.